Jarkokin fetur a bayan Hilux: da me kuke ɗaurewa?

Manomin Auyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema, don jiya Allah ne kawai ya tsare. Ina noman rani a fadamar Auyo, shinkafa da ɗan albasa, injinan ban ruwa uku nake tayarwa. Duk kwana huɗu nakan shiga Haɗeja in ciko jarka shida masu lita 25, in haɗo da taki idan da hali, wani lokaci har da leburori. Motar tsohuwar Hilux ce mai ƙofa huɗu.

Jiya na ɗora buhun taki takwas a gaba jikin gidan direba, jarkokin kuma na jera su can baya wajen gambu don su yi sauƙin saukewa, na zagaye su da robar taya kamar kullum. Tsakaninsu da takin akwai fili kamar kamu ɗaya da rabi. Mun bar kwalta mun hau burji, sai ga garken shanu ya ɓullo ta bayan wata kuka. Na taka birki. Ba gudu nake ba, bai fi 50 ba. Sai na ji gum a bayana. Ina fitowa na tarar jarka biyu sun kife, ɗaya murfinta ya fice, fiye da rabin man ya tsiyaye, yana bin kwarin bodi yana ɗiga ƙasa kusa da salansa. Yaron da ke zaune kan takin wandonsa ya jiƙe sharkaf, ga ashana a aljihunsa don mai shan taba ne. Har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi.

To, masu sana'a, yaya kuke ɗaure jarka? Roba ce ba ta da kyau, ko jerin ne na ɓata?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Amma Malam, shanun ne matsalarka ba roba ba. Shekara nawa muna lodi da roba daga nan har Maigatari ba abin da ya faru. Jarka cike da mai nauyinta kaɗai ya isa ya zaunar da ita.

Tsohon Direba:
Yaro, jerin ka ɓata tun kafin a zo maganar ɗauri. Ban taɓa ganin direban kirki ya bar fili tsakanin kaya da kaya ba. Kaya kamar 'yan makarantar allo suke, idan ka bar musu fili sai sun yi tsere. Abu mai nauyi da abu mai ruwa jikin allon gaba ake manna shi, sannan a tokare shi da sauran kaya ta baya da ta gefe. Da takin ka sa a bayan jarkokin ya danne su, ko ba ka ɗaura komai ba da ba su kife ba. Shekara 34 na yi ina jan mota, daga Bedford har na sauka a kan Canter, igiya ce abokiyar aikina. Ku yaran yanzu ba ku iya zarge ba, shi ya sa kuka koma roba.

Manomin Auyo:
Na karɓi laifina Baba. Wallahi ganda ce, don kada in riƙa tsallake buhuna ina sauke jarka.

Injiniyan Ruwa:
Allah ya kiyaye gaba. Ɗan Tasha, yi haƙuri, maganarka ta cewa nauyi yana zaunar da kaya ita ce ta fi cin mutane a wannan harka, don haka bari in ɗan zauna a kanta.

Lita ɗaya ta fetur nauyinta wajen gram 740 ne. Ke nan jarka mai lita 25 ta kai kilo 18 da rabi, ban da nauyin robar. Guda shida sun haura kilo 110. Idan mota ta ci birki, ita ce ta tsaya, kayan da ke bayanta ba su san an tsaya ba, suna nan suna tafiya da gudun da suke yi. Abin da ke riƙe su kawai shi ne ɗan kamun da ke tsakanin gindin jarka da ƙasan bodi. Gaskiya ne idan kaya ya yi nauyi wannan kamun yana ƙaruwa, amma ƙarfin da ke tura shi gaba ma ƙaruwa yake yi daidai wa daida. Shi ya sa birkin da zai zame da jarka ɗaya, shi ne dai zai zame da duro mai lita 200. Bambancin kawai, idan duron ya iso gilashin baya ba sallama zai yi ba.

Masu ƙa'idar ɗaurin kaya a Turai, wadda suke kira EN 12195, da na Amurka, duk lissafinsu ɗaya ne a nan: ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan ta gaba, kashi 50 ta gefe, kashi 50 ta baya. A kan jarkokin Malam, wannan kusan kilo 90 ke nan yana turawa gaba. Roba mai santsi a kan ƙarfe mai fenti, ga ƙura ga maiƙo, da ƙyar ta riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin. Sauran wa zai riƙe? Robar taya? Ita da aikinta miƙewa?

Kuma wannan lissafin birki ne kawai, ba karo ba. Idan aka ninka gudu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba.

Ɗan Tasha:
Injiniya ya zo da allo da alli. Mu dai a tasha ba mu taɓa auna kashi 80 ba, kuma muna kaiwa lafiya.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Kuna kaiwa, amma mu ake kawo wa gyaran. Wata uku da suka wuce aka kawo mini wata akori-kura, janareto ne ya taso daga baya ya lotsa allon gaba har ya fasa gilashi, ya tsaya daidai ƙeyar direba. Da roba aka ɗaure shi, roba huɗu ma. Mai motar yana ta rantsuwa wai ya ja ta har sai da hannunsa ya yi ja.

Ga wani abu da ba a lura da shi. Fetur yana cin robar taya. Ka yanko tsohon tif ka jefa a gwangwanin fetur ka bar shi ya kwana, da safe za ka ga ya kumbura ya yi laushi kamar ganda. To robar da kullum mai ke ɗiga a kanta, rana na dukanta, ranar da ka fi buƙatarta ranar za ta ba ka kunya. Kuma idan ta tsinke fuska take nema. Akwai ɗan dako a layinmu da ido ɗaya yake gani yanzu.

Tsohon Direba:
Yauwa. Roba ta akuya ce da buhun gawayi a bayan babur. Igiya ita ce magana.

Injiniyan Ruwa:
Baba, da girmamawa, igiyar ma sai a hannunku. Ku kun san yadda ake yin zarge a tsakiya a mayar da bakin igiya ta ciki a ja ta yi tauri kamar tsarkiya. Cikin direbobi goma na yanzu nawa ne suka iya? Sannan igiyar roba shuɗiya da ake sayarwa a kasuwa tana miƙewa, rana tana gasa ta har ta riƙa zubar da gari, kuma kowane ƙulli yana rage mata ƙarfi, wani ƙullin har kusan rabi. Babu rubutu a jikinta da zai gaya maka kilo nawa za ta ɗauka.

Bel mai haƙori, irin na 'yan tirela amma ƙarami, shi yana zuwa da 'yar takarda a ɗinke. Za ka ga an rubuta LC, wato iyakar ƙarfin da bel ɗin zai iya riƙewa, da lamba, sai daN a gabanta. Kowane daN ɗaya ka ɗauke shi kamar kilo ɗaya. Idan takardar shuɗiya ce, zaren foliyesta ne, ba ya miƙewa sosai kuma fetur ba ya cinsa da wuri. Wanda ba shi da takarda ko kaɗan, ko ƙugiyarsa kamar wayar rataye kaya, bar shi a shagon.

Tsohon Direba:
Na ji. Amma bel ɗin naku idan haƙorin ya cika da yashi ya ƙi sakin kaya fa? Na ga yaro a Gaidam yana yanka sabon bel da wuƙa don ya ƙi buɗewa. Igiya ba ta taɓa yi mini haka ba.

Direban Agadas:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Baba gaskiya ya faɗi wajen yashi, mu nan mun san shi. Ɗan gazuwal kaɗan, wato man dizal, a haƙorin da tsohon buroshi, shi ke nan.

Ni Agadas nike, Dirku nike zuwa. Sama da kilomita 500 ne, babu gidan mai ko ɗaya a tsakani, don haka man zuwa a bayanmu shike. In ka yi wasa da ɗaurin bido, wato jarka, a hamadar Tenere ba asarar kuɗi ba ce, rai ne. Yadda muke yi: tano, wato duro, ko bidunan mai su ne farkon shiga, a tsaye, manne da allon gaba, a kan tsohon bargo ko yankin taya da aka shimfiɗa. Tsakanin bido da bido muna cusa kwali ko buhu, don ba birki kaɗai ke kashe bido ba, gogayya ce. Kwana biyu ana girgiza kan tudun rairayi, bido na shafar kan noti ɗaya, sai ka iske ta huje kamar an sa allura. Ba za ka ji ƙara ba, ba za ka gani ba, sai ka zo juyawa ka ɗaga ka ji ta sakayau.

Bidunan ruwa kuma dabam, muna ɗinke su cikin buhun algarara mu rataya a gefe, a jiƙa buhun iska ta sanyaya ruwan. Ba mu taɓa haɗa su wuri ɗaya da mai ba, kuma bidon da ta taɓa shan isansi, wato fetur, ba ta komawa ta ruwa har abada.

Wani abu da na ga ba ku faɗi ba: ɗauri ba a yin shi sau ɗaya. Muna fita gari kaɗan muke tsayawa mu sake jan kowace igiya, don kaya sai sun ji girgiza suke zama.

Ɗan Tasha:
Ku da a ƙasarku wani direba ya rasa abin da zai kaɗe a duk faɗin Sahara sai bishiya ɗaya tilo, ku ne za ku koya mana tuƙi?

Direban Agadas:
Hahaha. Wannan tun 1973 ne, kuma babbar mota ce ba Hilux ba. Itacen na gidan tarihi a Yamai, in ka zo sai in kai ka ka yi mashi ta'aziyya.

Injiniyan Ruwa:
Maganar sake jan ɗauri da ɗan'uwanmu na Agadas ya yi, a Amurka doka ce ga direbobin manyan motoci: dole ka tsaya ka duba kayanka kafin ka cika mil 50 na farko, wato kilomita 80, sannan duk bayan awa uku ko mil 150. Mu da hanyoyinmu na gargada, ni dai ina ganin da zarar ka sauka daga kwalta ka tsaya.

Manomin Auyo:
Ina ta rubutawa. To amma murfin da ya fice fa? Na sa leda a bakin kafin in murɗa, kamar yadda kowa ke yi. Kuma na lura idan rana ta take, jarkokin kumbura suke yi kamar cikin mai ciki wata tara.

Ɗan Bumburutu:
Oga wannan fannina ne. Har ina kake cika su?

Manomin Auyo:
Har wuya. Kuɗina ne, ba zan bar wa gidan mai ba.

Ɗan Bumburutu:
To ga matsalar nan. Ai lita kake biya ba jarka ba, babu abin da ka bar musu. Mu da muke zama da mai a rana tun safe, mun san idan ka cika har wuya kafin azahar ya fara tsartuwa ta murfi. Yatsa huɗu ake bari. Ledar kuma ba ta hana komai, tana ma hana murfin kama zarensa da kyau, ga guntayenta suna faɗawa cikin mai su je su toshe maka kafireton inji. Nemi murfi mai zoben roba a ciki. Kuma Oga, tsakani da Allah, jarkokin naka ba na man girki ba ne masu ruwan ɗorawa?

Manomin Auyo:
Su ne. Wajen masu kanti na saya.

Injiniyan Ruwa:
Ɗan Bumburutu ya yi daidai, ga lissafin. Fetur yana ƙaruwa da kusan lita ɗaya a cikin kowace lita 1,000 idan zafi ya hau da digiri ɗaya. Ka ɗebo shi da safe daga tankin ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa, ka shanya shi a bodin ƙarfe a watan Afrilu, cikin sauƙi zai ƙara digiri 20. A jarka mai lita 25 wannan kusan rabin lita ne da ba shi da wurin zuwa. Ga kuma tururi, don wani sashe na fetur tun daga digiri 30 da 'yan kai yake fara tafasa. Shi ya sa ake cewa a bar kashi 5 cikin 100 babu komai. Wato ka ce a zuba maka 23 da rabi, ko 24 idan ka matsa.

Abin sha'awa, waɗanda suka ƙirƙiro jarkar asali sun yi wannan tunanin tuni. Jamusawa ne suka ƙera ta gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙarfe mai lita 20. Ku duba ta: bayan hannuwan akwai ɗan tozo da ya fi bakin tsawo, don ko ka so ba za ka iya cika ta har sama ba, dole iska ta rage. Zanen da aka lotsa a gefenta yana ƙara mata ƙarfi, yana kuma ba ta damar numfashi idan mai ya kumbura. Hannu uku ne da ita, mutum ɗaya ya kama na tsakiya, ko mutum biyu kowa ya kama na gefe. Sojojin Ingila a hamadar Arewacin Afirka gwangwanayensu yoyo suke yi, sai suka koma tsintar na Jamusawa. Su kuma suna yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri, daga nan sunan ya bi duniya har ya iso bakinmu ya zama jarka.

Wadda aka yi don mai, ta ƙarfe za ka ga an buga mata UN da 3A1, ta roba kuma 3H1. Ta man girki ba don wannan aka yi ta ba, jikinta siriri ne, kuma idan ta sha rana shekara ɗaya sai ta bushe ta riƙa tsagewa a kusurwa.

Ɗan Tasha:
Jarkar ƙarfe ɗaya kuɗin jarkar roba nawa ce? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mutum da ƙyar yake cika jarkar, kuna cewa ya sayi ta Jamus.

Manomin Auyo:
Man da ya zube jiya ya kusa sayen ɗaya ai.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku da hira. Ni ba direba ba ce, fasinjar bayan akori-kura ce duk ranar kasuwa, kuma ina aikin jinya. Abu biyu zan roƙe ku.

Na farko, don Allah ku daina haɗa mana kayan abinci da mai. Buhun garin masara guda na taɓa zubarwa saboda yaron mota ya jingina masa galan ɗin gas, wato man dizal. Ba zuba ya yi ba, gumin jikin galan ɗin ne kawai, amma ko kaji sun ƙi ci.

Na biyu ya fi muhimmanci. Masu zuƙo mai da tiyo da baki, ku bari. Ba cikin ciki ne abin tsoro ba, huhu ne. Ɗan kaɗan ya sarƙe mutum ya shiga huhu ya isa ya kwantar da shi. Idan tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, babba ko yaro, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don wajen aman ne man ke komawa huhu. A kai shi asibiti. Wanda kuma ya jiƙe kamar yaronka Malam, a tuɓe kayan nan take nesa da wuta, a wanke jikin da ruwa da sabulu. Fetur idan ya daɗe a jikin fata cikin tufa yana ƙona ta kamar ruwan zafi.

Manomin Auyo:
Hajiya na gode. A kogi ya yi wanka, na ba shi wandon aikina. Ashanar kuma na ƙwace.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Malam bari in tambaye ka. A gidan mai, sauke jarkokin kake yi ko a saman mota ake ɗura maka?

Manomin Auyo:
A sama mana. Wa zai ɗaga kilo 19 sau shida?

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Kai za ka ɗaga. Ka san yadda rigar leda ke yin ƙyas-ƙyas da tartsatsi idan ka cire ta cikin duhu da hunturu? Irin wannan wutar mai ke tarawa idan yana gudu cikin tiyo yana faɗawa jarka. Idan jarkar na ƙasa, kuma bakin famfon yana taɓa bakinta, wutar na samun hanyar tsiyayewa. Idan tana kan shimfiɗar roba a bayan mota, babu inda za ta bi, sai ta yi tsalle tsakanin famfo da bakin jarka, daidai inda tururi ya fi yawa. Iska busasshiya irin tamu ta hunturu ita ta fi haɗa wannan. Sauke su ƙasa, a cika, a rufe, a goge jikinsu, sannan a ɗora.

Ɗan Bumburutu:
Kuma kada a lulluɓe su ruf da tamfol. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, kwanciya yake yi a ƙasan bodi kamar ruwa a kwano. Inuwa ake so, amma a bar iska tana ratsawa.

Injiniyan Ruwa:
Haka ne, ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Kuma fetur ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururin da zai kama wuta, shi kuwa gas sai ya haura digiri 50. Shi ya sa wanda ya saba ɗaukar gas yake raina abin, ranar da ya ɗauko fetur da irin wannan sakacin sai a ji labari. Kada batir, ko injin ban ruwa da aka kashe yanzu da zafinsa, su zauna kusa da jarka.

Tsohon Direba:
Ku mutanen Jigawa ba sai an ba ku labarin fetur ba. Majiya tana kan hanyarku ta Kano, inda tankar fetur ta fashe a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Manomin Auyo:
Amin Baba. Ta nan nake wucewa duk zuwana Kano. Shi ya sa jiya jikina ya mutu.

Maman 'Yan Biyu:
Amin ya Allah. Kuma a daina ɗora mutane a saman kayan mai, don Allah.

Ɗan Tasha:
Amin. Wannan kam ba musu. Amma Hajiya idan ba a ɗora mutane ba, leburorin da ƙafa za su je gona?

Injiniyan Ruwa:
Sawu biyu. Ko don nauyi ma. Irin wannan motar abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba, kuma lissafin har da direba da duk wanda ke ciki. Taki takwas kilo 400, mai 115, inji ɗaya wajen 30, mutum biyar sama da 300. Ka ga an kusa bango. Idan kuma nauyin ya taru bayan tayar baya, gaban motar sai ya yi sama, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, an goge saƙonni uku na tallar bel da lambar waya. Mai son talla ya bari sai ranar Juma'a. A ci gaba.

Ɗan Tasha:
Tunda an taɓo doka, ni ma ga tawa gudummawar don kada a ce musu kawai na iya. Mai ɗaukar jarkoki da yawa ya riƙa karɓar rasit a gidan mai, musamman idan hanyarsa ta yi wajen iyaka. Tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jarka a bayan mota ta zama abin tambaya. Ka riƙe shaidar cewa gona za ka. Abin kashe gobara kuma mai hoda, a gidan direba inda hannu zai kai, ba a ƙarƙashin buhu ba. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Idan babu komai, yashi.

Manomin Auyo:
To Mai Walda, idan keji zan yi musu fa? Tunda kullum jarka shida ne.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Shi ne maganin dindindin. Ƙarfen kwana, a auna da jarkokin a cike, don cikakkiya ta fi wofi faɗi. Layi ɗaya jikin allon gaba idan faɗin bodin ya ɗauka, idan bai ɗauka ba huɗu a gaba biyu a bayansu. Tsayin kejin ya wuce rabin jarka, kashi biyu cikin uku ya fi. Ƙasa a shimfiɗa roba mai kauri, ciki a liƙa tsohon bel ko katako don kada ƙarfe ya ci jarka. Sai bel ɗaya ya bi ta kafaɗunsu ya sauka kan ƙugiyoyin bodi. Kada ka dogara da hannun jarkar roba, yagewa yake yi. Kada kuma ka ja bel har jarka ta lotsa, kana matse mai ne zuwa murfi.

Amma ka ji wannan da kyau. A ƙasa za a haɗa kejin, nesa da motar, sannan a ɗaura shi da noti, da faranti a ƙarƙashi don kada notin ya yage bodi. Kada ka bari kowa ya kunna walda a bodin da fetur ya kwanta jiya. A wanke da omo, a bar shi ya sha iska. Kafin a huda, a leƙa ƙasa a ga inda tanki da bututun birki da wayoyi suka bi. Duron da ya taɓa ɗaukar mai kuwa, ko shekara ya yi babu komai ciki, ni ba na sa masa wuta. Wofi ya fi cikakke fashewa.

Tsohon Direba:
Wannan yaron ya san aikinsa. Keji na yarda da shi. Amma buhunan, igiya.

Manomin Auyo:
Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan kwana tara. An yi kejin, huɗu a gaba biyu a baya, don shida ba su shiga layi ɗaya ba saboda tudun taya. Na sayi jarkar ƙarfe biyu, sauran huɗun na canja musu murfi, sai bayan girbi in Allah ya kai mu. Lita 24 nake sa wa na roba, kuma ina sauke su ƙasa, duk da yaron gidan man yana ta tsaki wai ina tsare layi. Leburori na koma ɗebo su da sassafe kafin in shiga gari.

Sau biyu na bi burjin, ko motsi ba su yi ba. Amma maganar ɗan'uwanmu na Agadas ta fito: na tsaya a bakin kwalta na taɓa bel ɗin da na ɗaure taki da shi, sai na ji ya saki har hannuna yana shiga, don buhunan sun zauna. Sai da na ƙara masa haƙori huɗu.

Tsohon Direba:
Da igiya ce da zarge ɗaya za ka ja.

Manomin Auyo:
Baba sai ka zo Auyo ka koya mini, akwai albasa. Saura tambaya ɗaya: inji ɗaya na mayar da shi na gas ɗin girki, tukunya mai kilo 12.5 nake ɗaukowa. A kwance nake sa ta tsakanin buhuna don kada ta faɗi.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Tayar da ita tsaye, kan yana sama, a rufe gam, a cire mata tiyo. Ɗaya kusurwar bodin za ka kai ta, ba jikin kejin mai ba, bel ya zagaye cikinta sau biyu. Kawo motar ranar Asabar in ƙara maka zobe a wannan kusurwar, ka taho da tukunyar don in auna, amma a waje za mu ajiye ta.